Duwatsu a Akwatin Matan Garka

Ranar da aka buɗe akwatin ina tsaye a wurin, kuma ba wanda ya kira ni. Akuya na kawo kasuwar Badaguishiri, na ji guɗa a ƙofar maigari, na ce bari in leƙa in ga wa aka haifa. Ashe inji ne ya iso. Matan garka, masu noman albasa a fadama, sun shekara biyu suna zubin adashi, suka sayi injin ban-ruwa daga Turai. Wai kuma a cikin kwamfuta aka yi gwanjonsa suka taya. An sauke akwatin katako daga kamyon, babbar motar siminti, mata sun kewaye shi cikin sababbin zannuwa, wata ma har turare ta fesa masa.

Kafinta ya sa guduma ya ɓamɓare murfin. Guɗa ta tsaya cak. Duwatsu ne, farare tas, an jera su an cusa tsummokara a tsakani don kada su yi ƙara a hanya.

Hafsat, shugabar matan, doguwar tsohuwa ce wadda ko maigari yakan gyara zama in ta buɗe baki. Ta sunkuya ta ɗauki dutse guda, ta juya shi, ta mayar. Sannan ta waiga ta dubi Seyni, malamin gona, Bazabarmen da gwamnati ta turo garin shekara shida da suka wuce. Shi ya zauna gaban kwamfutar a Ƙonni, shi ya yi tayin, shi ya aika kuɗin.

"Malam Seyni," ta ce, "ina injinmu?"

Bawan Allah ya matso ya leƙa cikin akwatin. Can baya cikin taron wani ya ce ɓarawo, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Wanda ya maimaita bai rage murya ba.

*

Ni ne Tanimun, mai bin sawu. Tun ina saurayi nake bin shanun sata daga Illela har bakin iyaka, kuma ban taɓa yarda da fuskar mutum ba sai na ga inda ƙafarsa ta taka. Maigari ya san ni, shi ya sa aka janyo ni zaure da igiyar akuyata a hannu.

"Tanimun, garin ga zai ci yaron nan ɗanye," ya ce. "Mata sun ce in miƙa shi ga jandarma yau yau. In na miƙa shi aikinsa ya tafi, ko da daga baya an wanke shi. Da ƙyar na roƙi su bar ni zuwa kasuwa mai zuwa."

"Ranka ya daɗe, ni ƙasa nake karantawa. Kasuwar da aka yi wanga ciniki, ina ƙofarta, in je in duba sawu?"

"An ce a iska take."

"To a kira shaho ya bi."

Bai yi dariya ba. Na karɓi aikin, amma ba don na ɗauki Seyni mai gaskiya ba. Shi ma na fi zargi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne gaggawar mutane. Kafin la'asar mahauci ya ƙi sayar wa matarsa nama, mata a bakin rijiya suka janye tulunansu daga kusa da nata.

*

Ni Bagobiri ne, shi Bazabarme, tsakaninmu wasa ne tun kakanni, don haka ban ɓata lokaci wurin sallama ba.

"Kai bawa, ina ka ɓoye injin iyayengijinka?"

Ranar ce kaɗai na taɓa tsokanar Bazabarme bai rama ba. Yana zaune a tsakar gida kan tabarma, shayi ya huce a gabansa.

"Baba, wurin gwanjo ne a intanet," ya ce. "Mai kaya ya sa hoto, masu so su yi ta tayi, wanda ya fi kowa ranar rufewa shi ya ci. Na daɗe ina dubawa duk ranar da na shiga Ƙonni. Sai ga wani ya ce a Beljik yake, can Turai, yana da inji kusan sabo, kuma yana da mutum a Kwatano mai kawo kaya har tashar Ƙonni. Na ce Allah ya kawo mu."

"Ka san shi?"

"A'a."

"Wa ya tsaya masa?"

"Waɗanda suka taɓa saye a hannunsa sun rubuta yabo ƙarƙashin sunansa."

"Su ɗin ka san su?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai kaɗai ka taya?"

"Akwai wani da ya yi ta bina. In na ɗaga, ya ɗaga. Sai da na kai ƙarshen abin da matan suka tara, sannan ya janye."

Nan kunnena ya motsa. A kara, inda ake cinikin shanu, mun san wanga wasa. Dillali yakan ajiye mutuminsa cikin taro yana ɗaga tayi, ba don zai saya ba. Amma mai ɗagawa yana janyewa ne daidai inda ya san aljihun mai saye ya ƙare. To mutumin Beljik, a gidan uban wa ya san ƙarshen adashin matan Badaguishiri?

"Wa ya san abin da aka tara?"

"Ni, da Inna Hafsat, da duk mai zubi. Da mazansu."

"Ka ce mini duk garin mana."

Na fito ina tunanin cewa shi ma ya sani, kuma ba abin da zai hana mutum ɗaya ya zama mai tayi da mai ɗagawa.

*

Na sami Hafsat a garka tana dashe. Wani tsohon inji, baƙi ƙirin da laka da mai, yana ta tari a bakin rijiyarsu. Na ɗanta Mas'udu ne, shi matan ke haya tun can. Mas'udu ya yi lakwal, wato boko, har Tawa, yanzu yana kai albasa ƙasashen bakin teku, mutum ne mai fara'a da tsabtar riga.

"Mi za ka bi, Tanimun?" Hafsat ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ga ɓarawo zaune gidansa yana shan shayi. Akwai wadda ta sayar da tunkiyarta ta zuba. Akwai wadda ta cire 'yan kunnen aurenta. Ni na bi su gida gida na ce su yarda da shi. Da bakina."

"Kin ga hoton injin kafin a taya?"

"Ina zan gan shi? Shi kaɗai ya gani. Mu maganarsa muka saya."

Mas'udu ya kashe injin ya taho yana share hannu, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, ni ba na son a zalunci baƙo," ya ce. "Ka dubi duwatsun nan da kyau? Irin waɗanda ake fasawa a Malbaza ne. Kuma direban da ya ɗauko akwatin daga Ƙonni, a Malbaza ya kwana da shi kafin ya yi lodin siminti. Ban ce komai ba, amma abin dubawa ne."

Na ji daɗin maganar, har na sa masa albarka.

*

Direban sunansa Chindo, gajere, kakkaura, fari fat da ƙurar siminti har gira. Na tarar da shi a layin kamyoyi yana cin shinkafa da wake. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye cokali.

"Wato daga Badaguishiri ka taso takanas don ka ce mini ɓarawo? Ni da na ɗauko musu kayan kyauta don Allah?"

"Duwatsun na nan ne."

"Baba, ka hau tudun bayan garinsu ka duba, ba irinsu ne fal ba? Daga nan har Tawa dutsen iri ɗaya ne. Kuma in ni na buɗe akwati na mayar, ai ƙusa za ta nuna. Ka duba murfin kafin ka taho?"

Ban duba ba. Kunya ta kama ni, na rufe ta da tsawa.

"A hannun wa ka karɓa?"

"Hannun 'yan dakon tasha. Je ka tambaye su, ka bar ni in ci abincina."

Na koma na duba murfin. Kowace ƙusa rami ɗaya gare ta, kuma ba tabon ƙarfe sai na kafintan maigari. Tun da aka rufe akwatin da duwatsu aka rufe shi. Chindo ya fita daga zargi.

A tashar Ƙonni 'yan dako suka ƙara mini wani ciwon kai. Ba daga motar Kwatano aka sauke akwatin ba. Amalanken jaki ya kawo shi wata safiya, mai amalanken ya ce kayan malamin gonan Badaguishiri ne, ya ajiye ya tafi. Ba wanda ya riƙe fuskarsa. Sawun jaki kuwa a tashar Ƙonni, ko ni ban isa ba.

Wato akwatin bai taɓa ganin teku ba. Kuma wa ke shigowa Ƙonni duk mako? Seyni. Na ji igiya tana ƙara matse wuyan bawan nan, kuma da hannuna nake jan ta.

*

Shagon kwamfutocin yana bayan kasuwa, sibar suke ce masa. Mai shagon wata mace ce, A'isatu, mai tabarau, wadda ta dube ni daga rawani har takalmi kamar na shigo da annoba. Ni ma na dube ta. Duk abin da Seyni ya taɓa a shagonta ya taɓa shi.

"Ɗiyata, wa ke ganin abin da mutum ya rubuta a nan in ya tashi?"

"In kana nufin ni na sace, Baba, faɗi kai tsaye. Ina da aiki."

"Ina nufi."

"To ba ni ba ce. Zauna in nuna maka."

Wallahi ta burge ni, amma ban nuna ba. Ta ce mai sayarwar ya goge kansa daga wurin gwanjon, kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Ta ce tun farko ta gargaɗi Seyni, don yabon da aka rubuta wa mutumin duk cikin mako ɗaya aka rubuta shi, kuma ya ƙi yarda a biya ta hanyar da wurin gwanjon ya tanada, ya ce sai dai a aika kuɗi kai tsaye ga wani suna a Kwatano. Seyni ya ƙi ji, don lokacin dashe ya matso kuma matan sun ƙosa.

"Wa kuma ke shigowa nan daga Badaguishiri?"

"Kowa na shigowa. Kuma ba ni kaɗai ke da sibar a Ƙonni ba. In ka tsallaka iyaka ma akwai."

"To ba abin da ya rage?"

"Sai hoton injin. Malam Seyni ya ajiye shi a wannan kwamfutar."

Ta taɓa wani abu, inji ya bayyana, wankakke yana ƙyalli, an ɗora shi kan farin ƙyalle a jikin farin bango. Na nemi ƙasa in duba, babu ko ƙwayar yashi. Wanda ya ɗauki hoton ya san abin da yake ɓoyewa. Na ce ta ƙara girmansa, na bi shi daga sama zuwa ƙasa yadda nake bin saniya. Ƙafafunsa uku faffaɗa ne, ta huɗun guntun rodi ne aka yi wa walda. A wuyansa kuma, inda tiyo ke shiga, an naɗe da jar roba, irin wadda ake yankowa daga tsohon tib na keke.

Ban ɗauke shi komai ba. Tambaya kawai na yi, ta son sani.

"Ashe Turawa ma da robar tib suke ɗaure tiyo?"

A'isatu ta tsaya. Ta gyara tabarau, ta matso da fuska. Ta shiga buɗo hotunan wasu injuna da ake gwanjo daga Turai, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da zoben ƙarfe aka matse wuyansa. Ko ɗaya babu mai roba.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan injin a fadama yake aiki."

Mutumin ya wanke inji, ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɓoye ƙasa, amma bai kwance robar ba. Don a wurinsa, kamar a wurin duk ɗan fadama, inji haka yake zuwa duniya. Ta buga mini hoton da launi a babbar takarda, ta caje ni kuɗin da har yau ban yafe ba.

*

Nan kuma na tafka wauta. Da na sauka Badaguishiri na zauna wurin mai shayi, na tambaya ko an san wani mai ɗaure injinsa da jar roba. Aka ce ba a lura ba. Kafin in shanye kofin, maganar ta riga ni isa fadama.

Washegari na bi rijiyoyin garka ɗaya bayan ɗaya. Kowane inji da baƙar roba. Sai na daina kallon injuna na koma sana'ata. Inji in ya yini yana rawa a kan laka, sai ya bar sawu kamar dabba. Na wuce rijiyoyi masu sawu huɗu faffaɗa har ƙafata ta gaji. Wanda nake nema ban same shi a nesa ba. A bakin rijiyar matan yake, inda na tsaya ina sa wa mutum albarka: sawu uku faffaɗa, na huɗun rami zagayayye mai zurfi.

Injin Mas'udu yana gefe. Laka ko'ina a jikinsa, ban da wuyansa. Nan an naɗa sabuwar baƙar roba, ko ƙura ba ta hau ta ba.

Na ɗaga kai. Mata kusan goma suna dashe, kuma duk sun ga inda nake kallo. Ba wadda ta ɗago. Nan na gane jar robar ta tafi, kuma shaidar da ta rage tana bakin mutanen da ba za su so su faɗa ba.

*

Ranar kasuwa aka taru a ƙofar maigari. Jandarma guda yana zaune kan kujera, ankwa a cinyarsa, yana jiran a nuna masa wanda zai tafi da shi. Seyni yana tsaye shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Chindo ya tsayar da kamyonsa ya zo, A'isatu ta rufe shagonta ta zo. Na sa aka ɗauko injin Mas'udu aka ajiye a tsakiya, na ce ina son in gwada wani abu da shi.

Na faɗi yadda murfin ya wanke Chindo, da yadda amalanke ya kai akwatin tasha. A'isatu ta bayyana yadda mutum ɗaya zai iya buɗe sunaye da yawa a wurin gwanjo, ya sayar da wannan, ya ɗaga tayi da wancan, ya yabi kansa da sauran.

"To ai shi ke nan," wani ya ce. "Malamin ne ya yi duka."

"Ni ma haka na ɗauka," na ce. Na warware hoton na miƙa wa Seyni. "Kai bawa, dubi wuyan injin ga. Mi ka gani?"

Ya duba. "Tiyo... da roba." Sai ya sake dubawa. "Innalillahi. Roba!"

"Ka yi karatun inji a Yamai, ka san na Turawa ba haka yake ba. Mi ya hana ka gani?"

"Kullum haka nake ganinsu, Baba. Na daina lura."

"Kun ji," na ce wa taron. "Baƙon naku ya zauna da ku har idonsa ya zama irin naku, da shi aka cuce shi."

Na ɗora hoton kusa da injin, na nuna ƙafar rodi a nan, na nuna ta a can. Mas'udu ya yi murmushi, ya matso cikin ladabi.

"Baba, da girmanka. Mai waldan garin ga ya yi wa injuna nawa irin wannan ƙafar? Ka je Illela ma za ka samu. Kuma na hoton jar roba gare shi. Nawa ga shi, kowa ya duba."

Aka yi gunaguni, mutane suna gyaɗa kai. Maganarsa ta zauna, kuma na san ta zauna. Jandarman ya dubi maigari, ya ɗaga ankwar ya mayar.

Na juya wurin matan. "Ku kuke tada injin ga kowace safiya. Wace irin roba ce a wuyansa kafin wannan?"

Wata ta gyara goyo, wata ta dubi sama. Raina ya ɓaci. Mas'udu ɗan gari ne, ɗan shugabarsu, sun ga tasowarsa. Seyni kuwa, in an tafi da shi, gwamnati za ta turo wani.

"A ba ni takardar," in ji Hafsat.

Aka miƙa mata. Ta kai ta nesa da ido yadda tsofaffi ke yi, ta daɗe tana kallo. Mas'udu ya daina murmushi.

"Inna," ya ce, "hoto ne kawai, ba ya..."

"Rufe mini baki."

Ta naɗe takardar a hankali. Da ta yi magana, maigari ta duba, ba ɗanta ba.

"Tib ɗin keken ubansa ne, Allah ya jiƙansa. Yana rataye a ɗakina tun rasuwarsa. Bara tiyo ya yi ta zubar da ruwa, na yanko na ɗaure da hannuna. Ga ƙullina nan, irin wanda nake wa bakin buhu. Har shekaranjiya tana wuyan injin."

Mas'udu ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga fuskar da za ta karɓe shi ba.

"Da sun sami nasu, wa zai hayi nawa?" ya ce, muryarsa ta koma ta yaro. "Inna, zan mayar. Na rantse zan mayar, kuɗin suna Kwatano hannun abokina."

"Tunkiyar za ka mayar, ko 'yan kunnen? Ko sunan bawan Allah da na ɓata da bakina?"

Jandarman ya miƙe. Ya wuce ta gaban Seyni bai ko dube shi ba. Da ankwa ta yi ƙara a hannun Mas'udu, Hafsat ba ta rufe ido ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ni ne na kau da kai. Na kama ɓarayi da yawa a rayuwata ina murna, wannan kam ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Nan da nan mutane suka rufe Seyni, kowa na cewa dama shi bai taɓa yarda ba. Ya ratsa su ya tafi gida, aka ji ya saka sakata.

*

Da safe, kafin in kama hanya, na biya ta ƙofar gidan Seyni. An share wurin da yamma an yayyafa ruwa, ƙasa ta kwanta luf, duk abin da ya taka ta ya rubuta sunansa.

Sawu ɗaya ne ya zo daga gabas, takalmin roba na mace, doguwa, mai jan ƙafar hagu kaɗan. Na san shi daga garka, na Hafsat ne. Ya zo har bakin ƙofa ya tsaya, dugadugan sun nutse, alamar ta daɗe a tsaye. Daga nan ya juya ya yi 'yan taku zai koma. Ya sake tsayawa. Ya dawo. A karo na biyu ba sawun ƙafa kaɗai na gani ba, akwai gurbin gwiwoyi biyu a ƙasa.

Daga cikin gida kuma wani sawu ya fito, na namiji, ba takalmi, da sauri, yatsun sun kafe a ƙasa kamar na mai ɗaga kaya mai nauyi. Sannan sawun biyu suka shiga ciki tare, nata a gaba.

Na ji motsin kofunan shayi daga tsakar gida. Ban yi sallama ba, na wuce tasha.